Jigo Kafin Ƙyalle: Tarihin Jiragen Sin da Darasinsa Ga Masu Kwale-kwale a Gaya da Ajingi

 Waɗanda data ba ta bari suka saurari murya ba, ga shirin wannan mako a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar jirgin ruwa za mu yi, kuma a cikin jirgin ma sanda guda ɗaya tak za mu sa a gaba: doguwar sandar nan da ake kafawa a tsaye a rataya mata ƙyallen da iska ke turawa. Sunanta jigo. Na san wani zai ce, mu da muke Gaya da Ajingi, ina mu ina jirgin iska? Da yawanmu ko teku ba mu taɓa gani ba. To, a yi haƙuri a biyo ni.

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogi ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya ratsa ta ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja. Duk damina akwai mutanenmu da sai da kwale-kwale suke isa gona, ko kasuwa, ko asibiti. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Duk mai jirgin inji ya ji a jikinsa, fasinja ma ya ji a aljihunsa. Su kuma matasa ga waya a hannu, suna ganin bidiyon mutanen da suka kafa wa ɗan ƙaramin jirgi sanda da ƙyalle, iska tana kai su inda za su ba ko sisi. Ba mamaki gobe wani namu ya ce bari ya gwada. Ni ina goyon bayan a gwada ɗin. Abin da nake so mu riƙe shi ne: duk wanda ya sauya abin da ke tura jirgi, ya sauya wurin da nauyi ke sauka a jikin jirgin. Mutanen Sin sun san wannan ɗaruruwan shekaru, Turawa sun koya daga gare su, mu ma a nan gida muna da wannan ilimin, sai dai a kan ƙasa muka ajiye shi.

Bari mu fara da wanda ya gani da idonsa. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko da ya bar Tanja a 1325, ya isa Kalikut a gaɓar Indiya wajen 1342, ya tarar da jiragen Sin goma sha uku a tashar. Ya ce iri uku ne, manya da matsakaita da ƙanana, kuma manyan su ake kira jank. Ya ba da labarin cewa babba yakan ɗauki mutum dubu, ɗari shida ma'aikatan jirgi, ɗari huɗu sojoji, kuma yana da ƙyallen iska daga uku har goma sha biyu. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ƙyallen nasu na gora ne da aka saƙa kamar tabarma, ana juya shi duk inda iska ta juya. Wannan mutumin dai shi ne a 1353 ya sauka a Takedda, can yankin Agadas, har ya ambaci ƙasar da ake kai wa tagulla daga can, wadda masana da yawa ke cewa Gobir ce. Kun ga ashe idon da ya ga jiragen Sin ya leƙo bakin ƙasar Hausa.

Ba labarin matafiyi kaɗai muke da shi ba. A 1974 an haƙo ragowar wani jirgi daga cikin laka kusa da birnin Quanzhou, wanda Larabawa ke kira Zaitun. Jirgin ya nutse tun wajen shekarun 1270, da kayansa na itacen ƙamshi da barkono, har da wuri. Abin da ya rage daga jikinsa ya kai tsawon mita 24. An raba cikinsa da bangaye goma sha biyu na katako, ya zama ɗakuna goma sha uku. Amfanin bangayen biyu ne. In ruwa ya fasa ɗaki ɗaya, ba lallai ya cika sauran ba. Sannan a jikin bangon ake jingina gindin jigo, ta yadda in iska ta matsa shi, bangon ya raba nauyin zuwa duk faɗin jirgin. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Daga 1405 zuwa 1433 Zheng He, wanda aka haifa a gidan Musulmi a lardin Yunnan, ya jagoranci tafiye-tafiye bakwai da irin waɗannan jirage. Tafiyar farko kaɗai mutum sama da 27,000 ne a cikinta. Jiragensa sun kai Mogadishu da Malindi a gabashin Afirka, a 1415 har raƙumin dawa daga Malindi ya isa fadar sarkin Sin. Can a 1846 kuma wani jank mai suna Keying ya tashi daga Hong Kong, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya isa birnin Niyok na Amurka a watan Yulin 1847, ya sauka Landan a Maris ɗin 1848. Babban jigonsa na itace ne mai tauri, tsawonsa wajen mita 27, babbar tabarmar iskarsa kuma nauyinta ya kusa tan tara.

To mene ne sirrin wannan ɗaurin nasu? Ku kawo asabari a ranku, wanda ake ratayawa a ƙofar ɗaki. Ƙyallen Sin yana da sanduna da aka jera a kwance daga gefe zuwa gefe, kowace sanda an ɗaure ta da igiya sako-sako a jikin jigo don ta iya hawa da sauka. In iska ta yi ƙarfi, sai a sassauta igiya guda, ƙyallen ya sauko da nauyin kansa ya naɗe hawa-hawa, mutum bai tashi daga inda yake zaune ba. In wani ɓangare ya yage, yagewar tana tsayawa a sanda ta gaba. Kuma da yake sandunan sun raba wahalar, ba sai an sami ƙyalle mai tsada ba. Amma tun da sandunan nan suna zamewa a jikin jigo, ƙyallen kuma yana juyawa dama da hagu, galibi ba a ɗaure jigon da wayoyi. Shi kaɗai yake tsayuwa da ƙafarsa. Duk maganarmu ta yau a nan take.

Jirgin iska irin na Turawa na zamani, jigonsa siriri ne, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta gaba da baya da gefe biyu. Kamar dogon ƙarfen gidan rediyo ne da ake ja da wayoyi zuwa ƙasa: wayoyin ne ke hana shi karkacewa, shi aikinsa kawai ya jure dannewa daga sama. Sau da yawa ma a kan rufin jirgin ake ɗora shi. Jigon Sin kuwa kamar falwaya ce da aka binne gindinta. Ba waya, ba tokara. Iska tana son ta lanƙwasa shi, kuma duk wahalar a wuri ɗaya take taruwa, daidai inda ya ratsa rufin jirgi.

Cikin Turawan da suka ari wannan ɗaurin, akwai wanda larura ce ta sa shi. A 1887 jirgin wani kyaftin mai suna Joshua Slocum ya lalace a gaɓar Burazil, ya rasa kusan komai. Da kayan aiki 'yan kaɗan ya ƙera wani jirgi mai tsawon ƙafa 35, ya yi masa ɗaurin Sin. Ranar 13 ga Mayu 1888 aka sa shi a ruwa, ranar da Burazil ta haramta bauta, shi ya sa ya raɗa masa suna Liberdade, wato 'yanci. A ciki ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa biyu, tafiyar mil fiye da dubu biyar, har Amurka.

Wanda ya fito da abin fili shi ne Herbert Hasler, tsohon sojan ruwan Birtaniya da aka fi sani da Blondie. Shi ne a Disambar 1942 ya jagoranci sojoji cikin ƙananan kwale-kwale suka kai hari tashar Bordeaux a Faransa. Bayan yaƙi ya shiga neman hanyar da mutum ɗaya zai tuƙa jirgi a teku ba tare da ya riƙa fita kan rufi cikin hadari ba. Ya gwada ɗauri iri-iri a kan jirginsa Jester, ɗan ƙarami mai tsawon ƙafa 25, daga ƙarshe ya tsaya a kan ɗaurin Sin da jigo guda marar waya. A watan Yunin 1960 mutum biyar suka tashi tseren tsallake Tekun Atlantika, kowa shi kaɗai a jirginsa, daga Ingila zuwa Niyok. Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40 da jirgin da ya fi Jester girma nesa ba kusa ba. Hasler ya zo na biyu cikin kwana 48. Daga nan mutane suka fara cire ɗaurin Turawa daga jiragensu suna sa na Sin. Hasler da abokin aikinsa Jock McLeod sun tattara abin da suka koya a littafinsu Practical Junk Rig, wanda ya fito a 1988, shekara guda bayan rasuwar Hasler.

Duk wanda ya shiga wannan sauyin, ɗinkin ƙyalle ba ya ba shi wahala sosai, tela mai haƙuri zai iya. Inda gizo ke saƙa shi ne jigo. Abu na farko da mutum ke ganowa, tsohon jigonsa ba zai yi ba. Siriri ne, bangonsa ba kauri, kuma ba zagayayye ba ne. Da an cire masa wayoyi, iska ta farko mai ƙarfi za ta naɗe shi. Dole a nemo sabo, kuma kafin a saya akwai tambayoyi huɗu.

Ta farko: a ina za a kafa shi? Ƙyallen Sin kusan dukkansa a bayan jigo yake, ɗan kaɗan ne ke leƙowa gaba. Shi kuma jirgi yana da wurin da ya kamata tsakiyar turin iska ta sauka a tsawonsa. In ta koma baya da yawa, kan jirgin zai riƙa juyawa yana fuskantar iska, matuƙi ya yi ta kokawa da shi. In ta yi gaba da yawa, kan zai riƙa gudun iskar. Don haka sabon jigo yakan matsa gaba fiye da tsohon, wani lokaci ma ya faɗo tsakiyar gadon da ke ɗakin gaba. A sabon wurin nan ba a gina jirgin don ɗaukar nauyi ba, sai an ƙarfafa rufin, an kuma yi wa gindin mazauni a kan ƙashin bayan jirgi. Aikin da bangayen jirgin Quanzhou ke yi ke nan tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce.

Ta biyu: nawa ne zai shige ciki? Masu wannan sana'a sukan ce abin da ke tsakanin rufi da mazaunin gindi kada ya gaza wajen kashi ɗaya cikin goma na tsawon jigon. Ga lissafi mai sauƙi. A ce iska tana tura ƙyalle da ƙarfin kilo 50, tsakiyar turin kuma tana mita 4 sama da rufi. In gindin ya shige mita 1, mazaunin ƙasa zai ɗauki kilo 200, ramin rufi ya ɗauki kilo 250. In aka rage shigewar ta koma rabin mita, ƙasa za ta ɗauki kilo 400, rufi kilo 450. Iskar ba ta ƙaru ba, ƙyallen bai ƙaru ba, amma katakon jirgin yana shan kusan ninki biyu. Duk wanda ya taɓa ɓanɓaro dutse da doguwar sandar ƙarfe ya san wannan a hannunsa.

Ta uku: wane kauri? A nan ido yana yaudara. Ƙarfin da zagayayyar sanda ke da shi na jure lanƙwasa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta, tsalle yake yi. In ka ninka kauri sau biyu, ƙarfi ya ninka sau takwas. Sanda mai faɗin santimita 12 ta fi mai 10 ƙarfi da kusan kashi 73 cikin ɗari. Mai santimita 8 kuwa rabin ƙarfin mai 10 kawai gare ta. Wato ɗan santimita 2 da kafinta zai fere don sanda ta yi kyau ko ta shiga rami, ya tafi da rabin ranta. Kuma tun da a bakin rufi wahalar ke taruwa, nan ne ya kamata ya fi ko'ina kauri, sannan ya riƙa sirancewa har ƙoli, inda wajen rabin kaurin ya isa. Haka nan ba a huda jigo a kusa da wannan wurin don a sa ƙusa ko noti, domin daga ramin tsagewa ke farawa.

Ta huɗu: nauyinsa nawa? Kilo 1 a tsayin mita 8 yana rinjayar jirgi kamar kilo 8 a tsayin mita 1. Jigo mai ƙarfin gaske amma mai nauyi a sama zai sa jirgi ya yi ta tangaɗi, ya rage masa iya miƙewa in ya karkata. Shi ya sa ake son mai rami a ciki. In aka rarake tsakiyar sanda aka bar bango mai kaurin kashi ɗaya cikin biyar na faɗinta, nauyi zai ragu da kashi 36 cikin ɗari, amma ƙarfi kashi 13 kacal zai ragu. Dalili shi ne in sanda tana lanƙwasa, bayanta ne ke aiki, tsakiyar kusan zaman banza take. Gora da karan dawa haka Allah ya halicce su.

Da waɗannan tambayoyin masu sauya ɗauri ke auna kayan da ke gabansu. Wasu itace suke zaɓa, irin dogayen itatuwan ƙasashen sanyi masu miƙewa da rashin nauyi. Wasu, ku ji abin mamaki, turken fitilar titi na alminiyam suke saya, saboda an riga an yi shi da kauri a ƙasa da siranta a sama, kuma dama an ƙera shi ya tsaya shi kaɗai cikin iska. Wasu sukan haɗa bututun alminiyam a ƙasa da itace a sama. Baƙin ƙarfe yana da arha da ƙarfi, amma ga nauyi ga tsatsa ta ciki da ido ba ya gani. A ƙarshe dai ma'aunin guda ne: jigo ya fi ƙarfin abin da jirgin zai iya jurewa kafin ya kwanta, da rata mai yawa, ba tare da nauyinsa ya zama shi ne zai kwantar da jirgin ba. Jirgi ne ke zaɓar jigonsa.

Yanzu mu dawo gida. Me ya sa kakanninmu ba su kafa wa kwale-kwale ƙyalle ba? Ni a ganina kogin ne bai nema ba. Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin nan da damina yake cika, da rani ya janye ya bar rairayi. Ba shi da zurfi, kuma yawancin tafiyar tsallakawa ce daga wannan gaɓa zuwa waccan. A irin wannan ruwan, gora da filafili sun fi komai. Manyan ruwaye masu faɗi da ke kwance duk shekara, irin Tiga da Challawa da Watari a Bagwai, sababbi ne a tarihin Kano. In akwai inda ƙyallen iska zai fara amfani, can ne, musamman da hunturu lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa kusan kullum.

Amma ilimin sandar da ke tsayuwa da gindinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Kalmar jigo kanta daga fadama muka san ta: doguwar sandar ban ruwa, guga a kai, dunƙulen laka a gindi. Mai lambun da ya kafa ta ya san in ya matsar da wurin ratayawa da taki ɗaya, aikin ya canza. Ku dubi magina kuma. Azara guda ba ta tsallake fiye da wajen ƙafa shida ba tare da ta fara lotsawa ba. Amma maginan Hausa suna rufe babban soro da ita ta hanyar bakan gizo: a binne gindin azara cikin bango, ta leƙo, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Babban Gwani Muhammadu Durugu da wannan dabarar ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Tambayar da yake amsawa a kowace azara, nawa zai shige bango nawa zai leƙo, ita ce tambaya ta biyu da Hasler yake amsawa. Gaya kuma garin maƙera ce tun asali. Tarihin baka ya ce Abagayawa daga Gaya suka je Dala neman tama. Zoben ƙarfen da zai hana itace tsagewa da mazaunin da zai riƙe gindin jigo ba su fi ƙarfin jikokinsu ba.

In muka auna itatuwanmu da waɗancan tambayoyi huɗu, kowanne da halinsa. Giginya bayanta tauri cikinta taushi, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma nauyinta ya yi wa ƙaramin jirgi yawa. Turare dogo ne miƙaƙƙe kuma ana samunsa, sai dai yana da nauyi, in ya bushe da gaggawa yana tsagewa yana murɗewa, dole a busar da shi a inuwa a hankali. Darbejiya ba ta cika ba da doguwar sanda miƙaƙƙiya ba. Rimi ba nauyi amma ba ƙarfi, ga saurin ruɓewa. Maɗaci ya fi dacewa da jikin jirgi da mazaunin gindi. Gora ita ce ta fi kama da abin da ake nema ga ɗan ƙaramin ƙyalle, kuma ita ce ta sandunan kwance. Turken fitilar sola da ke cike da titunanmu yanzu kuwa, na baƙin ƙarfe ne, ga nauyi, yawanci kuma an yanka masa ƙofa kusa da gindi, daidai inda bai kamata a taɓa ba.

Ga gargaɗin da ya fi duk waɗannan. Jester yana da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da ke miƙar da shi in iska ta kwantar da shi. Kwale-kwalenmu siriri ne, ba shi da wannan. A kansa, tun kafin jigo ya karye jirgin ne zai kife. Don haka in za a gwada, gajeren jigo marar nauyi, ƙaramin ƙyalle, a ƙarfafa wurin kafawa da katako daga gefe zuwa gefe, a kuma yi tunanin haɗa jirage biyu ko sa masa mataimaki a gefe. Hadarin damina a nan daga gabas yake tasowa, iskarsa tana isowa kafin ruwan, cikin 'yan mintoci. Ɗaurin Sin yana da daɗin saukewa da sauri, amma sai in mai jirgin ya saba. Gwajin farko a ruwa marar zurfi, da rigar ruwa a jiki, ba fasinja ko ɗaya.

Ina nanata wannan ne saboda mun riga mun yi sauyi ɗaya ba tare da lissafi ba. Jiragen da siffarsu ta gora da filafili ce, an ɗaura musu inji a baya, gudu ya ƙaru, nisa ya ƙaru, lodi ya ƙaru, amma sau nawa ake tsayawa a tambayi katakon ko zai iya? A watan Mayun 2021 jirgi ya tarwatse da mutum fiye da ɗari a Kogin Kwara kusa da Warrah a jihar Kebbi. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a nan Kano, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi. A Yunin 2023 wani ya kife a yankin Patigi na jihar Kwara da masu dawowa daga biki, sama da mutum ɗari suka tafi. Allah ya jiƙansu da rahama. A irin waɗannan haɗurran maganar lodi fiye da kima ba ta cika ɓacewa daga bayanin hukumomi ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ɗaure raƙumi ma umarni ne.

To me za mu yi, mu matasa? Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, kogin yana wucewa ta garin. Ɗalibin injiniya da ke neman aikin kammala karatu, ga shi a bakin ruwa. A je wurin sarakunan ruwa da masassaƙa jirgi a ƙasar Ajingi, a gaishe su da ladabi, a auna tsawo da faɗi da zurfin jiragensu, a lissafa mutum nawa kowanne zai ɗauka lafiya, a rubuta adadin da fenti a jikinsa inda kowa zai gani. A ɗauko turare da gora da giginya a gwada a ga a wane nauyi kowanne ke karyewa, a rubuta da Hausa. Wanda ke son gwada ƙyalle ya fara daga wannan lissafin. Dattawan suna da sanin ruwa da itace, mu muna da biro da kwamfuta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan za mu dakata. In akwai mai kwale-kwale ko masassaƙi a gidanku, ku karanta masa wannan, ku tambaye shi da wane itace aka yi jirginsa da kuma mutum nawa yake ɗauka in kogi ya cika, ku kawo mana amsarsa yadda ya faɗe ta. Allah ya tsare mana mutanenmu a ruwa da tudu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.